Hannun Usta Tursunali

Litinin, da hantsi

Ba kowa. Na buɗe ɗakin aiki tun da sassafe, na shimfiɗa farin zane a kan gadon, na dafa koren shayi, na zauna. Ƙudaje ne kawai suka zo, su kuwa bayansu lafiya lau.

A wannan ɗakin kakana ya yi ɗori, mahaifina Usta Tursunali ya gaje shi, Usta wato gwanin sana'a. A da sai mutum ya yi ta tsallake takalma kafin ya kai bakin ƙofa. Daga Kuva, daga Rishton, har daga Osh ake kwaso masu targaɗe da ciwon baya a kawo mana nan Margilon. Yau takalmana ne kaɗai a ƙofar, su ma na shigo da su ciki don kunya.

Dada, haka muke kiran mahaifina, yana ɗakinsa. Tun ranar Alhamis ɗin nan bai ce uffan ba. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, hannu da ƙafa da rabin baki. Likita ya ce ƙila magana ta dawo, ƙila ba za ta dawo ba, wannan ai ko ni zan iya faɗa ba tare da farar riga ba. Yana tsakiyar aiki abin ya same shi. Wani mutumin Rishton na kwance rub da ciki, Dada ya ɗora masa nauyinsa, sai

A'a. Ba zan rubuta ba.

Talata, bayan la'asar

Wata mata ta leƙo ta ce, "Usta na nan?" Na ce ni ne nan. Ta ce, "To, Allah ya ba shi lafiya," ta ja ƙofar a hankali.

Laraba, da azahar

Na je sayen ƙashin miya wajen Ergash aka, mahaucin unguwarmu ("aka" wato yaya, haka muke kiran na gaba da mu). Ya ajiye wuƙa ya dube ni.

"Jalol, ƙanena, gaskiya kake so ko maganar mahauta?"

"Wace ce maganar mahauta, aka?"

"Ita ce in ce maka wannan naman na yau ne."

Na ce ya ba ni gaskiyar.

"Ba wanda ya ƙi ka. Amma ba a ba ka hannu ba. Ina yaro kakanka ya tara dattawa, aka dafa palov, dafa-dukar shinkafar biki, ya kama hannun babanka a gaban kowa ya ce na ba ka hannuna, aka shafa fatiha. Kai fa? Wa ya gani?"

Na ce shekarun da na yi a Tashkent ina koyon gyaran ƙashin baya fa, da takardar da ke rataye a bango?

"Takarda ta taɓa danna bayan wani? Kuma mutumin Rishton ɗin nan har yau da sanda yake tafiya. A gidan shayi cewa ake hannun ya mutu a kan bayansa, ba magaji, shi ke nan an rufe."

Ya ƙara mini ƙashi ɗaya kyauta, abin da bai taɓa yi ba. Wannan ya fi maganar ciwo.

Na sha yi wa Dada zancen. Kullum sai ya ce bari a gama cirar auduga, bari sanyi ya wuce, bari a yi bikin wane. Shekara nawa muna aiki kafaɗa da kafaɗa, ni ke yin masu ciwon baya, shi karaya, amma tukunyar palov ɗaya ta gagara. Haushinsa nake ji, ga shi kwance ba ya iya share yawun bakinsa, ina jin haushinsa.

Alhamis, da safe

Ba kowa. Ranar kasuwa ce kuma.

Asabar, bayan magariba

Davron aka ya kira. Shi ne wanda na yi aiki a ƙarƙashinsa a Tashkent. Ya buɗe sabon wuri, akwai ɗaki ɗaya da ba kowa, yana so in zo. "A nan ba mai tambayarka wa ya riƙe maka hannu," in ji shi. "Mutane wuni suke a kan kujera, bayansu duk ya lalace, Allah ya yi mana arziki. Ka ba ni amsa kafin ƙarshen wata."

Na faɗa a wajen cin abinci. Matata Barno ta ce, "Mu tafi da su Dada mana." Mahaifiyata, Aya, ta ajiye gurasar da take gutsurawa.

"Gawata za ku tafi da ita. Kai ne auta, gida a wuyan auta yake, ko can Tashkent ba a koya maka wannan ba? A kulle ɗakin kakanka ina da rai?"

Na ce, "Aya, ɗakin ai ya kulle kansa. Maganin Dada da me za a saya?"

Ta tashi ta kai masa romo.

Litinin, da yamma

Bari in rubuta yadda abin ya faru.

Wajen hantsi aka kawo wani direba, abokansa biyu na riƙe da shi, bayansa ya riƙe, ya kasa miƙewa. Daga nesa suka zo, ba su ji labari ba. Da ya gane ba Usta ba ne zai taɓa shi sai ya hau ihu a kan gadon, "Kar yaron nan ya taɓa ni! Ku ɗaga ni!" Yaro. Ni da furfura ta fara yi wa sallama.

Suna kiciniyar ɗaga shi sai na ji ƙarar keken guragu. Aya ce ta turo Dada, ta sa masa hula. Ta kai shi gefen gadon, ta ɗaga hannun nan da ya shanye da hannayenta biyu, ta ɗora a tsakiyar bayan mutumin.

"Ga hannun Usta, ɗana. Kwanta." Ta juyo gare ni. "Jalol, ƙarasa."

Mutumin ya yi laƙwas. Na juya shi gefe, na danna, ƙashin ya ce ƙas, ya sauko da ƙafafunsa. Ya durƙusa ya sumbaci hannun Dada yana kuka, ya tura ɗan kuɗinsa ƙarƙashin shimfiɗa yadda aka saba. Ni ko kallo ban ishe shi ba.

Ban dubi fuskar Dada ba. Ban iya ba.

Laraba, da azahar

Direban nan bakinsa ya fi motarsa gudu. Yau sai da Barno ta aro kujeru a maƙwabta.

Juma'a, bayan sallar Juma'a

Takalma sun dawo ƙofa. Na tsaya ina kallonsu, kuma in faɗi gaskiya, daɗi na ji. Daɗi sosai.

Yanzu mun samu tsari. Da safe Aya ta wanke Dada, ta sa masa rigarsa ta zuwa biki da sabuwar hula, ta cusa masa matasai don kada ya karkace. Sai a ajiye shi a kekensa gefen gadon aiki daga dama. Kafaɗar Aya ta fara ciwo, don haka ni nake ɗaga hannun yanzu. In ɗora, in ƙirga a zuci kaɗan, in sauke, in yi aikina. Hannun da sanyi, kuma ya fi yadda nake tsammani nauyi. Duk lokacin da na ɗaga sai ya rufe ido.

Ergash aka ya zo da kansa, wai wuyansa. Yana kwance yana cewa, "Ka ga dabarar tsohuwa? Ku da karatunku! A kai ta Tashkent ta koyar mana." Kowa ya yi dariya, ni ma na yi.

Na ce wa Davron aka ya ɗan ƙara mini lokaci.

Lahadi, da la'asar

Na gaji. Mun wuce azahar ba mu tashi ba. Dada ya rufe ido tun hantsi bai buɗe ba.

Talata, bayan magariba

Abin ya fara fin ƙarfina. Yau wata ta kawo surukarta da ba ta haihu ba, bayanta ƙalau, hannun kawai suke so a ɗora mata a ka. Wani ya zo da gurasa a ƙyalle, a ɗora hannun a kai ya kai wa uwarsa a ƙauye. Wani tsoho ya tambaya da gaske ko za a iya fita da Usta ƙofar gida, saniyarsa ce ke ɗingishi.

Na ɗora a kan gurasar. Ni, Jalol, da takardata a bango, na ɗora hannun ubana a kan gurasa.

Barno ta tare ni a wajen wankin hannu.

"Kun mai da Dada kabarin waliyyi alhali yana numfashi."

"Wa ya cutu? Mutane na warkewa."

"Da hannunka suke warkewa. Shi ka tambaye shi?"

"Yaya zan tambaye shi, Barno? Magana yake yi?"

"Ido yake da shi. Kai ne ba ka kallo."

Na daka mata tsawa, na ce in ta san wata hanyar sayen magani ta faɗa. Ta miƙo mini tawul ta wuce. Tun da muka yi aure ban taɓa ɗaga mata murya haka ba.

Laraba, da safe

Dada ya ƙi shan shayi. Ya kau da kai da Aya ta kawo hular.

Alhamis, da hantsi

Ya sake ƙin shayi. Aya ta ce zafin magani ne. Mun fito da shi.

Asabar

Da hagu nake rubutu.

Lahadi, da azahar

Da hagu, a hankali. In ban rubuta ba kaina zai fashe.

Ranar Juma'a ɗakin ya cika har tsakar gida. Wani malamin makaranta ne a kan gadon. Na kai hannu zan ɗauki hannun Dada, sai na tarar ba ya kan cinyarsa. Ya ja shi da hagunsa ya cusa cikin riga, ya danne shi da hagun.

Na ce a hankali, "Dada, mutane na jira." Bai dube ni ba. Na ja, ya riƙe. Wata a bayana ta ce, "Wayyo, Usta ya gaji." Aya daga ƙofa tana yi mini alama da ido in yi sauri. Sai na ƙara ƙarfi. Na sa hannu biyu. A gaban mutanen unguwa ina kokawa da ubana a kan hannunsa, kuma a lokacin abin da ke raina kawai shi ne layi ya yi tsawo.

Sai ya saki. Na ɗauka ya haƙura. Hagunsa ya kama babban yatsana na dama, ya lalubo gaɓar da kan yatsa yadda ya saba lalubo ta kowa, ya murɗa sau ɗaya.

Na ji ƙarar kafin in ji zafin. Yatsan ya fita daga gurbinsa ya kwanta baya. Na yi ƙara irin wadda ban san ina da ita ba. Malamin ya diro daga gadon ba takalmi.

Idon Dada a buɗe yake tar, yana kallona. Ba hawaye, ba komai. Bai yi kuskure ba, ya san abin da ya yi.

Ubana ne ya yi mini wannan. Bai taɓa marina ba ko ina yaro.

Litinin, da safe

Ubana ne ya yi mini wannan.

Litinin, bayan la'asar

Na tsallake wani abu jiya. Ranar da abin ya faru, da mutane suka watse, na zauna a ƙasa a ɗakin ina riƙe da hannun, ya kumbura suntum. Barno ta fita neman mota a kai ni asibiti, Aya na kicin tana kuka. Daga ni sai shi.

Ya buga hannun kekensa. Ya sake bugawa. Ya yi mini alama in matso. Wallahi tsoro na ji, kamar yaron da ya ga allura. Na matsa da gwiwa na miƙa masa.

Ya matse tafin tsakanin gwiwarsa mai lafiya da ƙarfen keken, ya tura gindin yatsan gaba, ya lanƙwasa. Ƙas. Ya koma. Ya nuna kwanon ƙwai da ke kan taga, na gane, na fasa na shafa gwaiduwar da kaina, na naɗe da ƙyalle yana kallo. Da na naɗe ba daidai ba sai ya yi tsaki da rabin bakinsa, na warware na sake.

Ba wanda ya gani. Da na gaya wa Aya sai ta share hawaye ta ce, "To ai ya ba ka hannu ke nan! Ya kama hannunka! Bari in gaya wa matar Ergash, kafin magariba gari ya ji."

Na ce, "Aya, in kika faɗa, gobe zan hau jirgin Tashkent." Ban san daga ina maganar ta fito ba.

Laraba, da hantsi

Ba kowa. Na asibiti sun ce an mayar da shi daidai, in huta da shi.

Alhamis, da yamma

Ergash aka ya kawo romon ƙafa. Ya zauna a ƙarƙashin inabi yana juya hularsa.

"Me ake cewa, aka? Ta mahauta ba na so."

"Rabi na cewa Usta ya tsine maka. Rabi na cewa ya karɓe abin da ka sata." Ya ɗora hular a gwiwa. "Ni dai wuyana ya daina ciwo, na faɗa musu. Suka ce ai albarkar Usta ce."

"Kai me ka gani?"

"Ni na ga tsoho ya gaji, ƙanena. Duk mun gani, amma kowa bayansa ke masa ciwo."

Dada ya koma shan shayi. Barno ce ke ba shi. Ni ban shiga ɗakinsa ba tun ranar, ina tsayawa a ƙofa in gaishe shi in wuce.

Asabar, da safe

Na kira Davron aka na ce zan zo. Ni kaɗai tukuna, Barno za ta zauna da su har bazara, in riƙa aiko da abin da ya samu. Auta ya bar gida, sai su ƙara da wannan a gidan shayi.

Aya ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "To." Da ta yi faɗan da ya fi mini.

Talata, da azahar

Na sauke takardata daga bango. Na kwashe ƙyallaye da kwalaben mai. Itatuwan ɗorin kaka na rasa yadda zan yi da su, na mayar inda suke. Gadon aiki nawa ne, ni na sayo shi, da shi zan tafi. Mota za ta zo ranar Asabar.

Yatsan ya sabe, yana lanƙwasuwa kaɗan.

Alhamis

Ba na son Tashkent. Ban taɓa sonta ba. Yau na fara faɗa wa kaina.

Asabar, bayan la'asar

Motar ta zo da hantsi. Ni da direban muka shiga za mu kwance ƙafafun gadon, sai muka ji bugu daga cikin gida, ƙwan, ƙwan, ba tsayawa. Barno ta leƙo ta ce, "Dada ne. Nan yake nunawa."

Ta turo shi, cikin rigar barci, ba hula. Na ɗauka sallama zai yi da ɗakin. Na ja baya na sa hannuna na dama a aljihu, ban ma san na yi ba sai da na ga yana kallon aljihun.

Ya nuna gadon. Ya nuna ƙirjinsa. Ya sake nuna gadon.

Barno ta ce, "Kwanciya yake so."

A rayuwata ban taɓa ganin Dada a kan gadon nan ba. Ko tausa ba ya yarda a yi masa, cewa yake mai ɗori ba ya kwanciya a gaban kowa. Ni da direban muka ɗaga shi, ba shi da nauyi ko kaɗan, muka kwantar da shi a gefensa mai lafiya, Barno ta tallafe masa kai. Na ɗage rigar.

Innalillahi.

Wajen kwankwaso fatar ta yi jawur, wuri biyu ta saluɓe inda ƙarfen keken ke gogarsa. Kafaɗar dama ta zube, ta janye ƙashin bayan gefe guda. Naman hagu kuwa daga wuya har ƙugu ya sandare kamar igiyar shanya, don shi kaɗai ke riƙe da shi a zaune duk wunin da muke ajiye shi. Aya ta gani tana wanka, ta ɗauka na kwanciya ne, tana shafa masa kitse. Ita ba aikinta ba ne. Ni ne mai gyaran baya. Na duba bayan direba da mahauci da malamin makaranta, na duba na rabin garin nan, shi yana zaune dab da gwiwar hannuna da wannan a jikinsa.

Na kasa motsi. Sai ya buga gefen gadon sau ɗaya, yadda yake yi mini ina koyo in na tsaya sanya.

Na ɗumama mai a tafina. Ban danna komai ba, jikinsa ba zai ɗauka ba. Da gindin tafi na bi naman nan a hankali daga wuya zuwa ƙasa, ina yi hawaye na ɗiga a kan rigarsa. Da na kai ƙasan kafaɗa sai ya saki wani dogon numfashi, ya kai hagunsa baya ya ja wuyan hannuna ƙasa kaɗan, inda ciwon yake. Na bi.

Direban ya yi gyaran murya a ƙofa. "Aka, gadon fa? Rana na yi."

Barno ta ce, "Ba ka ga da mutum a kai ba?"

Ya tsaya ya ga ba mu da niyyar tashi, ya sha shayi ya tafi. Dada ya yi barci a nan, na lulluɓe shi da farin zanen. Wannan bayan zai ɗauki watanni, kullum, safe da yamma.

Ɗazu na kira Davron aka na ce ya ba wani ɗakin, ya yafe mini. Ya ce, "Mutane sun dawo ne?"

Na ce a'a.

"To marasa lafiya nawa gare ka da za ka ƙi Tashkent?"

Na ce ɗaya.